Kafin Launin Ya Gudu: Aikin da Ke Jiran Matasan Tudun Wada

A farkon shekarar 1977, lokacin bikin FESTAC, Kaduna ta ga hawan daba irin wanda ba kasafai ake gani ba. Sarakunan Arewa sun iso da dawakansu da raƙumansu, da 'yan lifidi da 'yan sulke da masu kakaki, har aka gina otal guda, wato Durbar, musamman domin saukar baƙi. Yau otal ɗin babu shi, an rushe shi a watan Janairun 2020. Da yawa daga mahayan wannan rana sun kwanta dama. Abin da ya saura shi ne abin da kyamarori suka kama, kuma ba duka ne ya shiga hannun hukuma ko gidajen jarida ba. Wani kaso yana nan cikin gidajen mutane, a ƙasan adaka, a saman sif, ko cikin tsohuwar jakar da maigida ya je aikin Hajji da ita.

Matashin da ya taɓa taya mahaifiyarsa kwashe kayan ɗaki wataƙila ya ci karo da su bai san ko mene ne ba. 'Yan ƙananan kwalaye ne masu kusurwa huɗu, santimita 5 kowane gefe, a tsakiya akwai ɗan guntun fim mai duhu. In an ɗaga shi sama ana fuskantar haske, sai ga mutane da motoci da gine-gine da launinsu tsaf. Masu hoto suna kiransa silaid. Ba a wanke shi a takarda. Majigi ake sa shi, a kashe fitilar ɗaki, a haska shi a jikin bango ko farin zane, iyali su taru su kalla. Wanda ya taɓa leƙa 'yar na'urar nan da alhazai kan zo wa yara da ita tsaraba, mai nuna Ka'aba da Masallacin Madina in an danna, ya riga ya ga ƙanin silaid.

Ba kowane gida ke da shi ba. A yawancin gidaje hoton takarda ne da nagatif ɗinsa. Silaid kayan wasu rukunin mutane ne: ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa, malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna wadda babbar harabarta ke nan Tudun Wada, likitoci, injiniyoyi, malaman gona da ke koyarwa da majigi, hafsoshin soja da aka tura kwas, da ɗaliban da suka yi karatu a Ingila ko Amurka ko Rasha suka dawo da kyamara a rataye. Kaduna kuwa, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917, ta tara irin waɗannan mutane da yawan gaske. Shi ya sa akwatunan suke nan, galibi a hannun jikokin da ba su taɓa ganin majigin yana aiki ba. Kamfanin Kodak ma ya daina ƙera shahararren majiginsa mai faifai, Carousel, tun 2004.

Abin da ya sa maganar ba ta jira shi ne, fim ɗin yana lalacewa ko ba wanda ya taɓa shi. Hoton silaid rini uku ne aka shimfiɗa a kan juna: ruwan ɗorawa, ja mai ɗaukar shunayya, da shuɗi mai ɗaukar kore. Ba sa koɗewa tare. In shuɗin ya riga sauran gudu, sai hoton gaba ɗaya ya koma jaja-jaja, sararin sama da farar riga da fuskar amarya duk launi guda. Tsofaffin fim irin su Ektachrome da Agfa sun fi saurin kamuwa da wannan. Kodachrome, wanda ya fito a 1935, ya fi su juriya nesa ba kusa ba in yana ajiye cikin duhu, amma shi kuma ba ya son hasken majigi. Henry Wilhelm, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana gwajin daɗewar hotuna masu launi ya kuma wallafa babban littafi a kai a 1993, ya nuna cewa jimillar kimanin awa ɗaya a gaban fitilar majigi ta isa a fara ganin koɗewarsa. Saboda haka wanda ya tsinci tsohon majigi a gida kada ya yi ɗokin kunna shi ya bar hoto guda a ciki ana ta hira.

Sai kuma yanayin Kaduna. Daga Mayu zuwa Oktoba laima ce, musamman a Agusta da Satumba, lokacin da takalmin fata ma kan yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Rinin fim yana zaune ne cikin wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, abinci ne sosai ga fumfuna. Tana shiga ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo, abin da ta ci kuwa ya tafi ke nan. Hunturu ya zo da ƙurarsa mai kartar fim. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ya ƙara wa rinin saurin mutuwa. Gara da kyankyasai su kuma kwalin suke so. In aka buɗe akwati aka ji wani warin tsami ya bugi hanci, to jikin fim ɗin ne da kansa ya fara ruɓewa, kuma yana harbin na kusa da shi.

Akwai misali a tarihin fim ɗin Hausa da ya kamata kowane matashi ya sani. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama an ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim da aka yi watsi da su a wani gini a Legas. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi ta mai da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan aikin marubucin da ya zama Firayim Minista ne, fim ne da hukuma ta san da shi, duk da haka da ƙyar ya sha. Hoton sunan wani jariri a Tudun Nupawa a 1974 babu wata cibiya a Jamus da za ta zo nemansa. In 'yan gidan ba su ceto shi ba, babu mai ceto.

Baƙi sun ɗauki Arewa hoto da yawa, sun kuma adana nasu. Eliot Elisofon, mai ɗaukar hoto na mujallar Life wanda ya rasu a 1973, ya bar dubban hotunan Afirka da yanzu ke hannun cibiyar Smithsonian ta Washington, ciki har da na Arewacin Najeriya, kuma yau ana iya kallon da yawansu a intanet. Abin a yaba ne. Sai dai idon baƙo abin da ya ba shi mamaki yake bi: sarki a kan doki, marina, kasuwa, raƙumi. Sau da yawa bayanin da ke ƙarƙashin irin waɗannan hotuna bai wuce a ce wani Bahaushe ko wata mai tallar nono ba. Hoton gida ya sha bamban. A ciki akwai Malam wane da ya koyar da rabin unguwa karatu, da ranar da aka kai amarya Unguwar Sanusi, da ma'aikatan masaƙa sun jeru a bakin ƙofar kamfani a Kakuri, tun masaƙun Kaduna, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, suna ɗaukar dubban mutane.

A Kaduna kuma waɗannan hotuna suna da wani nauyi na daban. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun sa iyalai da yawa sun tashi daga unguwannin da suka yi shekaru a ciki, gari ya rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Wanda aka haifa bayan wannan bai san wata Kaduna ba sai wadda ya tarar. In tsofaffi suka ce masa da can Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Bajju da Ibo gidan haya guda suke zaune, ana aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti, yakan ji abin kamar tatsuniya. Amma ranar da ya ga kakansa a hoto ya dafa kafaɗar abokin aikinsa Kirista a ranar ɗaurin aure, da matan gidan haya sun haɗu a tsakar gida suna girkin biki, gani ya kori ji. Irin wannan shaida ba a samunta a littafin makaranta, kuma tana cikin abin da fumfuna ke ci a yanzu.

Aikin ba da na'ura yake farawa ba, da neman izini yake farawa. Akwatin mamaci kayan magada ne, ko da ba wanda ya waiwaye shi shekara talatin. A sami babba a gida a yi masa bayani, a nuna ba za a fitar da komai waje ba, ba za a jefar da komai ba. Akwai dattawan da ke da ra'ayi a kan hoto ta fuskar addini. A saurare su da ladabi, kada a yi musu gardama ko a yi aikin a bayan idonsu.

In an samu izini, abu mafi daraja shi ne zama da wanda ya san mutanen da ke ciki. Nan ne matasa suka fi yin sakaci, domin hankalinsu yana kan kyan hoto. Hoton da ba a san ko su wane ne a ciki ba ya rasa rabin amfaninsa, kuma babu manhajar da za ta dawo da suna in mai sanin sunan ya tafi. A zauna kusa da Hajiya bayan la'asar, a nuna mata hoton a babban allo yadda idonta zai gani, a kunna rikodar waya da saninta, a tambaya a hankali: "Hajiya, wannan da ke tsaye a bayanku wace ce? A wane gida ne nan? Kafin a haifi Baba ne ko bayan?" Kada a katse ta in ta kauce ta shiga wani labari, domin sau da yawa abin da ta kauce zuwa gare shi ya fi amsar tambayar amfani. A kai wa Kawu da Gwaggo hoton su ma, kowa daban, a gwada maganarsu. Inda suka saɓa a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi daɗi.

Kafin a ciro komai, a lura da yadda mai akwatin ya jera su, domin jerin nan ma labari ne. A ba kowane akwati lamba, kowane silaid lamba, da fensir a jikin kwalin, ba da biro ba. A duba kwalin da kyau: sau da yawa akwai wata da shekara da aka buga da hatimi. Wannan lokacin wanke fim ɗin ne, ba ranar ɗauka ba. A wancan zamani Kodachrome ɗakunan wanki ƙalilan ne a duniya ke iya shi, sai an aika ta gidan waya an jira, kuma mutum kan yi watanni bai ƙarar da fim mai hoto 36 ba. Saboda haka hatimin yana nufin ba a ɗauki hoton bayan wannan wata ba, shi ke nan.

Wajen sharewa ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Silaid a gefen kwalinsa ake riƙe shi, da hannu wankakke busasshe. Ba a goge shi da bakin riga ko gefen mayafi, ba a sa masa ruwa ko yawu ko sanitaiza, ba a hura shi da baki. 'Yar robar hura iska da masu gyaran kyamara da agogo ke amfani da ita, da burushi mai laushi sabo, sun wadatar. Wanda fumfuna ta kama a ware shi daban, a ɗauki hotonsa yadda yake; ruwa na taɓa inda ta ci, hoton zai narke ya bi hannu. A yi aikin a ɗakin da aka goge da ɗanyen tsumma ya bushe, taga a rufe, fanka a kashe.

Yanzu sai ɗaukar. Na'urar sikanin ta shagon buga takardu ba za ta yi ba, domin ita daga gaba take haska takarda, silaid kuwa sai haske ya ratsa shi daga baya. Hanya mafi sauƙi tana cikin aljihun kowa: waya biyu da kwali. Ɗaya a buɗe mata farin shafi fes, a ƙure haskenta, a kwantar da ita ta zama fitila. Kada a ɗora silaid kai tsaye a kan gilashinta, in ba haka ba ɗigo-ɗigon allon za su fito a fuskar mutane. A ɗaga shi sama kamar santimita 4 ko 5. A yanke taga daidai girman fim ɗin a jikin baƙin kwali, a ɗora silaid a kai, yadda haske ba zai ɓullo ta gefe ya dushe hoton ba. Waya ta biyu, mai kyamara mafi kyau a gidan, ta zauna a sama a miƙe sambal, ba a hannu ba, a kan abin da ba ya motsi. Kwalin taliya da aka huda ya isa a fara. Wanda ke da silaid da yawa ya je kasuwar Panteka, kafinta ko mai walda zai haɗa masa 'yar madogara mai hawa biyu cikin ɗan lokaci.

A goge idon kyamarar, a kashe filasha, a kashe duk wani tsarin gyaran fuska, a kashe fitilar ɗaki. Yawancin wayoyi ba sa gani sosai in an matso ƙasa da kimanin santimita 10, don haka gara a ja baya kaɗan a ninka kusantowa sau biyu, ko a sayi ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa waya. A danna tsakiyar hoton a riƙe har saitin ya kulle, a rage haske in farar riga ta ƙone ba a ganin ɗinkinta, a sa agogon daƙiƙa uku don kada taɓawar yatsa ta girgiza wayar. Wannan hanya ba ta damu da an kawo wuta ko an ɗauke ba. Abin da take bayarwa ya isa kallo a waya da talabijin da wanke ƙaramin hoto, amma ba ta kwashe duk abin da ke cikin fim ɗin.

Mai son ya kwashe sosai yana da hanya biyu. Ko dai kyamarar masu ɗaukar biki da gilashin ɗaukar abu kusa-kusa, a kan tsari irin na wayar nan, wanda yake da sauri kuma da kyau, ko kuma na'urar sikanin da aka yi domin fim. Epson V600 tana da fitila a murfinta, tana ɗaukar silaid huɗu a tashi guda, tana kuma yin hoton takarda da nagatif. Plustek OpticFilm ɗaya bayan ɗaya take yi amma ta fi fitar da ƙananan abubuwa. Ba su da arha, sai dai dangi na iya yin karo-karo su sayi guda, ko ta hannu ce, ta zaga gidaje. 'Yan ƙananan na'urori masu araha da ake tallatawa da manyan lambobi a jikin kwali kuwa, yawanci kyamara ce mai rauni a cikin akwatin roba, waya mai kyau takan yi daidai da su ko ta fi.

Fim ɗin silaid milimita 24 ne a 36. In aka saita na'ura a ɗigo 2,400 kowane inci za a samu hoto mai kusan megafiksel 8. A ɗigo 3,200 kusan 14, wanda ya wadatar a wanke babban hoton bango. Hoto guda a wannan saiti, in aka ajiye shi a tsarin TIFF wanda ba ya zubar da komai, yakan kai megabait 40; a JPEG bai fi 'yan megabait ba. Masu muhimmanci a yi musu TIFF, sauran JPEG mafi inganci. Wasu na'urorin suna da tsarin share ƙura da kansu, Digital ICE, wanda ke aiki da kyau a yawancin fim mai launi amma yakan ɓata Kodachrome da baƙi-da-fari. A duba sunan da ke jikin kwalin, in Kodachrome ne a kashe shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya hoto, dama ta koma hagu. Fim yana da fuska mai sheƙi da fuska mai dushi-dushi. Mai sheƙin ce ke kallon ido ko kyamara. In an yi shakka a nemi rubutu, allon shago ko lambar mota. In babu, a dubi babbar riga: aljihu da aikin aska suna gefen hagun mai sanye da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Hoton da aka juya zai nuna dattijo yana cin abinci ko yana miƙa wa sarki hannu da hagu, a ɗora masa rashin ladabin da bai yi ba. Yana kuma rikita lissafin shekara, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne ranar 2 ga Afrilun 1972. Motocin da ke bin hagu a titin Ahmadu Bello shaida ce cewa hoton ya girmi wannan rana, muddin ba a juya shi ba. Akwai wasu alamun irin wannan. Farashi da fam da sule a jikin allo yana nuna kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta fito. Allon ofis mai sunan Jihar Arewa ta Tsakiya yana tsakanin 1967 da 1976. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri.

Gyaran launi halal ne, amma a kan kwafi. Na asali a bar shi yadda ya fito, da jansa da tabonsa, a wata jaka daban da ba a taɓawa. Manhajoji na kyauta irin su Snapseed a waya da GIMP a kwamfuta suna iya rage jan: a nuna musu abin da aka tabbata fari ne, rawani ko farar hula, su daidaita sauran a kansa. Su ne kuma ke juya nagatif ya koma hoto, ko da yake na launi yana da wani ruwan lemo a jikinsa da ke buƙatar haƙuri.

Abin da ya kamata a guje shi ne manhajojin da ke alkawarin mai da tsohon hoto sabo da dannawa ɗaya. Ba fito da abin da ke ɓoye suke yi ba, ƙirƙira suke yi. Inda fuska ta dushe sai su zana wata daga dubban fuskokin da aka horar da su a kai, su gyara hanci, su sake ido, su haskaka fata. Tsagar gado da ke kumatun kaka, wadda ke faɗin asalinta da garinsu, suna iya ɗaukarta a matsayin karce su goge. Jikokin da ba su taɓa ganinta ba za su girma suna kallon wata mata daban suna ce mata kakarsu. Hoto mai dushi-dushi na gaskiya ya fi wannan daraja.

Bayan an gama, ajiya. Waya ba ma'ajiya ba ce. Tana faɗawa ruwa, tana mutuwa, ana ƙwace ta. Kowane hoto ya zauna a wuri uku: kwamfuta ko faifan ajiya a gida, filashi ko wani faifan a gidan ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari, da kuma intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma tun Disamban 2023 yana da damar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, don haka mutum biyu aƙalla su san yadda ake buɗe shi. Sunan kowane fayil ya ɗauki shekara da wuri da mutum da lambar silaid, a kuma rubuta cikakken bayanin a littafi na takarda. WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage ingancinsa. In za a tura wa dangi na ajiya, a tura shi a matsayin fayil. Goma ko ashirin mafiya daraja a kai situdiyo a wanke su a takarda.

Silaid ɗin kansa ba a jefarwa. Na'urar da za a samu nan da shekara goma za ta ciro abin da ta yau ta bari, kuma shi ne hujja in an yi gardama. A mai da su akwatinsu a jere, a sa 'yan ƙunshin tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko magani, a riƙa sauya su, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa da silin da ke ɗaukar zafi.

Saura maganar yaɗawa. Hoton da aka ɗauka domin a kalla a falo tsakanin 'yan gida ba lalle ne mai shi ya yarda duniya ta gani ba. Shigar 'yan mata a shekarun 1970 ba irin ta yau ba ce, kuma wadda ke cikin hoton yanzu Hajiya ce mai surukai da jikoki. Ɗora ta a Facebook ko TikTok don a samu masu dannawa, a bar baƙi suna yi mata sharhi, cin amana ne. Mai rai a tambaye shi. Mamaci a tambayi 'ya'yansa. Amma hoton da ya shafi jama'a, na hawan daba, na buɗe makaranta ko masana'anta, na tsohuwar kasuwa ko tashar jirgin ƙasa, bai kamata ya tsaya a waya guda ba. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ofishin Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, duk cikin gari suke. Da amincewar iyali ana iya zuwa a nuna wa masana, su ma su taimaka wajen gane wuri da lokaci.

Wanda hannunsa ya faɗa a aikin gidansu zai tarar maƙwabta suna nemansa, kuma babu laifi ya mai da shi sana'a ya sa farashi. Sharaɗin shi ne ya ƙirga abin da ya karɓa a gaban mai shi, ya mayar cif, kada ya riƙe kwafi ko ya nuna wa kowa ba da izini ba.

Ga matasan Tudun Wada, da na Rigasa da Kawo da Barnawa da duk inda irin wannan akwati yake: kada a jira sai an sayi na'ura. A nemi izini a wannan mako, a ciro akwatin, a fara da hotunan da suka fi ja da waɗanda fumfuna ta taɓa, sannan a kai su gaban mutumin da ya fi kowa shekaru a gidan tun yana iya faɗin sunayen.